Yadda Ake Daidaita Haɗarin Annoba a Wasan Labari na Kan Tebur

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, ainihin fasalin wasan bai sauya ba. Mutane huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, jagoran wasa ya riƙa ba da labari, duk inda aka yi kokwanto a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. Dodo da ɗan fashi suna da sauƙin aunawa, don akwai takobin da zai sare su. Annoba ce ke ba jagora wahala: in ya sassauta ta, sai a warkar da ita cikin minti ɗaya a wuce, in ya tsananta, sai jarumin da aka yi watanni ana ginawa ya mutu a kan tabarma ba tare da mai shi ya yi wani kuskure ba. Mafita ita ce a ɗora nauyin annobar a kan gari da ƙurewar lokaci, a bar wa jaruman wahala mai hawa sannu a hankali wadda dabara ke iya tarewa.

Abu na farko shi ne jagora ya ƙirga maganin da ke hannun 'yan wasa kafin ya ƙirƙiro cutar. A dokokin bugu na biyar na wasan, na 2014, sihirin Lesser Restoration yana kawar da cuta ɗaya nan take, kuma malamin waraka yana samunsa tun a mataki na 3, inda zai iya yinsa sau biyu kafin ya yi dogon hutu. Ke nan ayari mai mutum huɗu zai warke tas cikin kwana biyu. Wasu jagorori kan ce to a hana sihirin aiki a kan wannan cutar. Wannan zalunci ne ga wanda ya zaɓi zama mai waraka, don an ƙwace masa sana'arsa a ranar da ta fi amfani. Gara a bar maganin ya yi aiki, amma ya yi kaɗan. A ce garin na da mutum 2,000, kullum goma na kamuwa, mai waraka kuwa biyu kawai zai iya ceto. Nan take tambaya ta taso: wa za a fara ba wa, abokin tafiya, ko 'yar mai masauki, ko ungozomar da unguwa duka ta dogara da ita? A nan daɗin wasan yake.

Na biyu, a tsara cutar hawa-hawa, a kuma yi lissafin inda take kaifi. Littafin jagora na 2014 ya kawo misalin cutar kwatami, wadda ake ɗauka daga cizon ɓera ko taɓa ƙazanta. Alamunta kan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa huɗu, sannan bayan kowane dogon hutu mai ita ya jefa ɗan ludo yana neman 11 ko fiye. In ya samu, gajiyarsa ta sauka mataki ɗaya. In ya rasa, ta hau ɗaya. Matakan gajiya shida ne, na shidan mutuwa. Jarumin da ba shi da ƙarin maki na ƙarfin jiki yana da damar kashi 50 cikin 100 a kowace jifa, abin kamar da sauƙi. Sai dai daga mataki na uku doka ta ce ya jefa biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta, sai damarsa ta faɗo zuwa kashi 25. Saboda haka mataki na uku shi ne bakin rami. Jagora mai hankali zai tabbatar 'yan wasa sun ga alamu ƙarara, kuma akwai wani taimako da za su iya kaiwa gare shi, ko ganye a fadama ko mai magani a ƙauyen gaba, kafin mara lafiya ya kai can.

Na uku, a ba annobar tushe da za a iya bin sawunsa. A 1854, likita John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a unguwar Soho ta Landan, ya gano yawancinsu daga famfon titin Broad suke ɗiban ruwa, har hukuma ta cire hannun famfon. Irin wannan binciken ne ya dace da tebur. Jagora ya san tun farko ta ina cutar ke yaɗuwa, ya baza alamu aƙalla uku, don in an tsallake ɗaya a ci karo da wata: marina da ke shan ruwan rijiyar ƙasa sun kwanta, masu gadin fada da ke shan na tudu suna nan garau. Kowane mataki mai ma'ana kuma ya rage masu kamuwa, amma da tsadarsa. Birnin Ragusa ya killace baƙi masu zuwa daga wuraren annoba na kwana 30 a 1377. A wasa, rufe ƙofar gari haka zai tsayar da fatake, hatsi ya yi tsada, attajirai su fara neman kan jaruman. Labarin Seven Days to the Grave da kamfanin Paizo ya buga a 2008 ya ƙara da sa hannun mutane a bayan annobar birnin Korvosa, ta yadda masu takobi ma suka sami wanda za su fuskanta.

Na huɗu, a kafa agogo. Jagora ya rubuta a takarda abin da zai faru in ba a yi komai ba: rana ta uku kasuwa ta watse, ta biyar masu haƙa kabari su gudu, ta bakwai sarki ya ba da umarnin ƙone unguwa. Nasarar 'yan wasa ta jinkirta jadawalin, sakacinsu ya gaggauta shi. Akwai masu cewa muddin jarumi ba zai mutu da jifa ɗaya ba, to babu tsoro. Ai mutuwar tana nan, ga wanda ya ga alamu ya yi biris, ko ya sadaukar da maganinsa ga wani da saninsa. Abin da aka cire kawai shi ne mutuwar da ba ta da alaƙa da zaɓin ɗan wasa, wadda haushi take jawowa, kuma mai jin haushi ba ya dawowa tebur.

Kafin duk wannan, jagora ya tambayi abokan wasansa ko suna son labarin annoba, domin tun korona ta 2020 akwai waɗanda suka binne nasu. In sun yarda, ya ƙirga magani, ya auna mataki na uku na gajiya, ya ɓoye tushe, ya ɗaura agogo. Wanda ya tsallake lissafin nan ya miƙa wa ɗan ludo aikin da shi ya kamata ya yi.