In An Gayyace Ka Liyafar Giyar Inabi a Faransa

A Faransa, in ana bikin ritaya ko cikar shekarun aure, mai gida kan fito da giyar inabin da ya ajiye shekara ashirin ko talatin, galibi ta yankin Bordo, inda tun 1855 aka jera gidajen da ke yin giyar daki-daki bisa daraja. Za ka ga an juye ta a hankali cikin wata kwalba don a bar abin da ya kwanta a gindi, ana jujjuya kofi, ana sunsunawa, ana ta muhawara kan shekarar da aka tsinke inabin. Su a wurinsu wannan hirar ita ce rabin liyafar.

Kai da ba ka sha, sanar da mai gida tun ranar gayyata. Kada ka bari sai an tsiyaya maka, don kwalba ɗaya takan ci kuɗi mai yawa, kuma barin kofi cike ya fi ɓata masa rai. In ma'aikaci ya nufo ka, girgiza kai cikin murmushi ya isa. Nemi ruwa ko lemo.

Abin da aka fi mantawa shi ne tukunya. Naman shanu irin na yankin Burgundi da jar giya ake dafa shi, haka wasu miya da kayan zaƙi. Tambaya kafin ka ɗiba.