Zaɓen Inji Domin Tsohuwar A-Kori-Kura

Idan a-kori-kura ta fara shan baƙin mai, tana fid da shuɗin hayaƙi, ta kuma kasa hawan tudu da kaya, to, injinta ya gaji. Kada mai ita ya jira sai kaka, gama ran da mota ta kwana a hanya da tumatir, hasarar ba kaɗan ba ce.

Da fari ya sa bakanike ya duba. Idan jikin injin bai tsage ba, garambawul ya fi sauƙi. In kuwa sai an sake, gara irin wanda motar ta zo da shi, don ya zauna daidai da giyabos. Misali, Peugeot 504 akwai na fetur mai 1796 cc, akwai na dizal mai 2304 cc. Na dizal ya fi tattalin mai, amma ya fi nauyi, kuma wanda ya koma gare shi sai ya sake batir da hanyar mai.

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, kada a biya sai an tada injin ya yi zafi. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, da baƙin mai mai kamar shayi da madara, alama ce ruwa na shiga. Fulogi kuwa in ya jiƙe da baƙin mai, yawanci ringi ne ya ci.

Daga nan a karɓi rasit mai lambar inji, a kai ofishin lasin a gyara takardu.