Ƙaiƙayin Kyanwa: Ku Nemo Dalili Kafin Ku Shafa Magani



Kyanwa, ko mage, ko mussa kamar yadda wasunmu suke kiran ta, ma'aikaciya ce da ba ta karɓar albashi. Duk mai ajiye hatsi, daga Dawanau zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ya san ɓarnar da ɓera yake yi wa buhu cikin dare guda, ya kuma san darajar kyanwar da take kwana a shagonsa. Sai dai idan ta kama susa ba dare ba rana, gashinta yana zuba, akan samu mutane iri biyu: wanda zai ce ai dabba ce, ya kau da kai, da wanda zai ɗauko fiya-fiya ya fesa mata. Dukansu biyu suna jefa gidansu cikin haɗari.

Kuna iya tambaya, ina ruwan ma'aikacin lafiyar mutane da ƙaiƙayin kyanwa? Ruwansa shi ne yaran gida. Su ne masu rungumar ta, su ne masu kwana a tabarmar da take kwana, kuma wasu daga cikin abubuwan da suke sa ta susa sukan ƙare a kan yaro ko a ƙafarsa.

Ƙaiƙayi alama ce, dalilansa kuwa suna da yawa, kowane da maganinsa. Kowace kyanwa takan ɗan sosa jiki ta lashe shi, wannan tsabtarta ce. Abin damuwa shi ne susar da ta wuce mako, wadda take tashin ta daga barci ko ta katse mata cin abinci. Ku lura kuma cewa kyanwa ba da farce kaɗai take susa ba. Da yawa da harshe da haƙori suke yi, a ɓoye, sai kawai ku ga gashin ciki da na cinyoyi ya ƙare.

Ku fara da ƙuma

A mafi yawan lokuta ƙuma ce, wadda wasu suke kira tunkuyau, musamman da damina da bayanta, lokacin da ɗumi ya haɗu da laima. Kada rashin ganin ta ya ruɗe ku. Kyanwa gwanar lasa ce, takan haɗiye ƙumar kafin idonku ya kai gare ta. Abin da za ku nema shi ne kashinta.

Ku shimfiɗa farin ƙyalle, ku ɗora kyanwar a kai, ku taje bayanta da mataji mai ƙananan haƙora, tun daga wuya har gindin wutsiya. Idan wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar garin masoro sun zubo, ku ɗiga musu ruwa. Ƙasa ko garin gawayi ba za su sake launi ba. Kashin ƙuma kuwa zai narke ya yi ja-ja, domin jinin kyanwar ne da ƙuma ta sha. Wannan gwaji ba ya cin naira ko sefa.

Sannan ku shafa bayanta da tafin hannu. Idan kun ji ƙananan ƙuraje masu ɓawo a ƙarƙashin gashi, kamar an watsa ƙwayar gero, to jikinta yana bori ne ga miyau na ƙuma. Likitocin dabbobi ma da sunan gero suka laƙaba wa wannan yanayi. Kyanwa mai irin wannan jiki, cizo kaɗan ya isa ya hana ta sakat na kwanaki, ko da 'yar'uwarta da suke kwana tare ba ta susa ko kaɗan.

A nan ne mutane da yawa suke yin asarar kuɗi, don haka bari mu ɗan tsaya. Ƙumar da take jikin kyanwa ita ce mafi ƙanƙantar kaso. Macen ƙuma guda tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya maƙalewa a gashi, zubowa yake yi duk inda kyanwa ta kwanta: tabarma, tsumma, tarin buhunan da babu kome a ciki, tsagar daɓe. A can yake ƙyanƙyashewa ya zama 'yar tsutsa mai gudun haske, tsutsar ta naɗe kanta cikin ƙwanso, kuma cikin mako 2 zuwa 3 sabuwar ƙuma ta fito. Idan babu mai jini a kusa, tana iya zama cikin ƙwanson na watanni tana jira. Shi ya sa ɗan kasuwa zai rufe shago ya yi doguwar tafiya, ranar da ya buɗe ƙuma ta yi masa caa a ƙafa. Wanda ya kashe ta jikin kyanwa ya bar ta ɗaki, bayan 'yan makonni zai ce maganin jabu ne, alhali rabin aikin ya yi.

Ƙuma tana cizon mutane, galibi a idon sawu da ƙwauri, jajayen ƙuraje a kusa da juna. Tana kuma ɗauke da tsutsar ciki dangin tsila. Idan kun ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a ƙarƙashin wutsiyar kyanwa ko a wurin kwananta, shaida ce ta haɗiyi ƙuma, kuma ƙaramin yaro mai rarrafe da ya haɗiyi ƙuma yana iya kamuwa. 'Ya'yan kyanwa ƙanana kuwa ƙuma tana iya shanye musu jini har su mutu. Ku duba dasashinsu, idan ya yi fari abin ya yi nisa.

A gidan da ake kiwon kaji akwai wata ƙumar dabam, wadda take kafa baki ta zauna wuri guda a kan tukku da gefen idon kaza. Takan hau bakin kunnen kyanwa ta yi cincirindo. Idan ita kuka gani, akurki ne tushen, can za ku fara shara.

Wurin da take sosawa yana ba da labari

Idan ƙyallen bai yi ja ba, ku kula da inda farcenta yake yawan zuwa. Kyanwar da take girgiza kai tana tonon kunne, kuka leƙa kuka ga baƙin datti mai ɓarɓashi, mai yiwuwa wasu ƙananan ƙwari ne na cikin kunne, waɗanda da ƙyar ido yake ganin su. Suna yaɗuwa tsakanin kyanwoyi da karnuka. Kada ku zura tsinke ko gashin kaza.

Idan fatar bakin kunne da fuska da wuya ta yi kauri, ta yi ɓawo mai launin toka, susar kuma ta yi tsanani har da jini, wannan kirci ne, ƙwaronsa yana haƙa rami a cikin fata. Mai yawan ɗaukar kyanwar yana iya samun ƙaiƙayi a hannu ko ƙirji na ɗan lokaci, amma ƙwaron ba ya hayayyafa a jikin mutum. Ƙazuwar da take bin 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, mai tsananta da dare a tsakanin yatsu, daga mutum zuwa mutum take tafiya. Haka ma kwarkwata da kuɗin cizo, ba kyanwa ce take kawo su ba. Ana yawan ɗora mata laifin da ba nata ba, a jefa ta a buhu a kai ta wata unguwa, cutar kuma ta ci gaba da zama a gidan.

Wanda ya fi damun mu a asibiti shi ne makero. A jikin kyanwa yakan fito a matsayin ɗan fili mai zagaye inda gashi ya karye, fatar tana ɓarɓashi, galibi a fuska, kunne ko ƙafafun gaba. Ba kullum yake da ƙaiƙayi sosai ba, kuma wata kyanwar tana ɗauke da shi ba tare da wata alama ba. Ƙwayar cutar dangin fumfuna ce, tana tafiya a kan gashin da ya zuba, tana iya rayuwa a ɗaki fiye da shekara. Don haka duk wanda ya ga irin wannan fili a jikin kyanwa, ya je ya duba kawunan yaransa da wuyansu a ranar.

Makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, domin yana cikin saiwar gashi. Sai an haɗa da maganin sha, irin su girisofulbin, na mako 6 zuwa 8, bisa nauyin yaro. Ku kai shi asibiti. Ku guji man shafawar nan na kasuwa da ake cewa yana maganin kowace cutar fata. Da yawansu akwai sinadarin kwantar da kumburi a ciki, wanda yake ɓoye jan na 'yan kwanaki yayin da cutar take ƙara faɗi. Kada yara su yi tarayya a hula, mataji ko askar wanzami har sai an warke.

Abin da ba a shafa wa kyanwa

Hantar kyanwa ba ta iya narkar da magunguna da yawa waɗanda mutum, kare ko saniya suke ɗauka lafiya. Ga shi kuma duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Garin neman gira akan rasa ido.

Fiya-fiya da sauran magungunan feshi na gona guba ne gare ta, guba ne kuma ga yaron da zai rungume ta da hatsin da za ta kwanta a kai. Baƙin mai, kananzir da fetur suna ƙona fata. Maganin wankan shanu da tumaki na kaska ba nata ba ne. Dettol da Izal suna cutar da ita. Maganin ƙazuwa na mutane ma haka. Farasitamol kuwa, ƙwaya guda tana iya kashe babbar kyanwa.

Akwai tarko na musamman ga mu mazauna bakin iyaka, inda kaya suke shigowa da rubutun Faransanci ko na Ingilishi, mai sayarwa da mai saye ba lalle su iya karantawa ba. Da yawa daga cikin magungunan ƙuma na karnuka suna ɗauke da sinadarin fametirin, wanda yake sa kyanwa makyarkyata, dalalar miyau da jijjiga, har ya kai ga mutuwa. Idan hoton kare kaɗai kuka gani a kwali, ku bar shi, kome arharsa. Masu sayarwa, wannan amana ce a wuyanku: ku tambayi mai saye wace dabba zai sa wa. Idan an riga an yi kuskure, ku ɗaura leda a hannu, ku wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ku goge ta, ku garzaya wurin likitan dabbobi.

Abin da ya kamata ku yi

A ƙasashen biyu akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi na gwamnati, kuma ba don shanu kaɗai aka ajiye su ba. Ranar kasuwa ba a rasa su a kara. Akwai magungunan da aka yi domin kyanwa, kamar mai sinadarin fifronil, wanda ake ɗigawa a fatar ƙeya inda harshe ba ya kai, sau ɗaya a wata. Ku ci gaba aƙalla wata 3 a jere, ko da susa ta tsaya, saboda waɗanda suke cikin ƙwanso. Ku yi wa dukan kyanwoyi da karnukan gidan a lokaci ɗaya, kowa da nasa. 'Yar kyanwar da ba ta kai mako 8 ba, taje ta kawai za ku riƙa yi, kuna tsoma matajin cikin ruwan sabulu.

Ɗaki kuwa, shara da rana da ruwan zafi sun fi feshi. Ku share lunguna kullum, ku ƙona sharar ko ku binne ta. Ku wanke tsumman kwanciyarta da ruwan zafi mako-mako, ku shanya tabarmi da buhuna a tsakar rana. Idan makero ne, ku goge daɓen siminti da ruwan bilic, wanda a Nijar ake kira jabel, awo 1 cikin awo 10 na ruwa, ku hana kyanwar shiga har ya bushe, ku kuma raba ta da ɗakin kwanan yara har ta warke.

Idan an yi duk wannan susa ba ta tafi ba, saura borin jiki. Wata cizon sauro ne yake fitar mata da ƙuraje a hanci da kunne, sai a riƙa shigar da ita ɗaki da almuru. Wata kuma wani abinci ne jikinta ya ƙi, kamar kifi, madara ko naman shanu. Ana gane shi ne ta hanyar ba ta abinci iri guda wanda ba ta saba ci ba har kimanin mako 8, abu mai wuya ga kyanwar da take yawon kasuwa, don haka ku tsara shi tare da likita.

Kyanwa mai ciwo ba ta da haƙuri, kuma a lokacin dubawa ne aka fi samun yaƙushi. Ku naɗe ta cikin zane, kada ku bar yaro ya riƙe. Wanda ta yaƙusa ko ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya je asibiti a ranar, domin kyanwa ma tana iya ɗaukar cutar haukan kare, wadda allura take karewa amma ba ta warkewa idan alamunta sun bayyana. Idan bayan mako 1 zuwa 3 kaluluwa ta fito a hammata ko wuya tare da zazzaɓi, ku gaya wa ma'aikacin lafiya cewa kyanwa ta yaƙushi mutumin. Wannan wata cuta ce da take samo asali daga kashin ƙuma da ya maƙale a farce.

Ranar da za ku je wurin likitan dabbobi, ku tafi da ƙyallen gwajin, da kwalin duk abin da kuka riga kuka shafa mata. Ku faɗa masa yaushe susar ta fara, wane wuri ta fi sosawa, waɗanne dabbobi ne a gidan, da kuma ko akwai mai ƙuraje a cikin iyali.