An Haƙa Burtsatse, Me Ya Sa Kwalara Ke Komowa Sansani?

A watan Agustan 2017 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna Garage da ke gefen Maiduguri. Kafin shekara ta ƙare ta isa Dikwa da Monguno, ta kama mutum sama da 5,000 a jihar Borno, ta yi ajalin 61. A shekarar nan dai, can Diffa ta Jamhuriyar Nijar, ciwon hanta nau'in E ya shiga cikin mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu, kuma mata masu juna biyu ya fi kashewa. Hanyar cututtukan biyu ɗaya ce: bahaya ya samu shiga ruwan sha ko abinci.

Da an ji haka, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne a haƙa burtsatse. Gaskiya ne, amma rabin aikin ke nan. Ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita, ta ce kowane mutum ya samu aƙalla lita 15 a rana, kada famfo ya wuce mita 500 daga matsuguni, kada kuma a shafe fiye da minti 30 a layi. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 90 ke nan, wato jarka huɗu da rabi mai cin lita 20. Matar da ta wuni a layi ta dawo da jarka biyu za ta dafa abinci, ta shayar da yara, a yi alwala. Wanke hannu shi ake fara yafewa. Idan layin ya gagara kuma, kududdufi yana kusa. Saboda haka mai kula da sansani ya daina ƙirga rijiyoyin da aka ƙaddamar, ya je bakin famfo da asuba ya ƙirga jarkokin da ke jere.

Ruwan da ya fito tas daga famfo ma yakan lalace kafin ya kai baki. Jarka marar murfi, wadda gansakuka ta yi kore a cikinta, ko randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa, ta isa ta ɓata aikin miliyoyin naira. Maganin wannan shi ne kulorin, domin yana ci gaba da kashe ƙwayoyin cuta har cikin jarka. Ana son a samu ragowarsa tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a bakin famfo, a ƙara idan annoba ta shigo. Inda ake raba ƙwayar kulorin ta Aquatabs, a bi adadin da ke jikin takardar, a jira minti 30. Wasu kan zubar da ruwan saboda warinsa, wasu kan yi zargin maganin hana haihuwa ne. Takardar da aka manna a bango ba ta kawar da wannan. Bulama da liman su sha a gaban jama'a.

Masai ne wurin da aka fi yin sakaci, wataƙila don ba a yanka ƙyalle a gabansa. Ƙa'ida ita ce mutum 20 ga rami ɗaya, ramin ya nisanci rijiya da mita 30, gindinsa kuma ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A wuraren da damina ke malalewa sai an ɗaga ginin sama, darasin da Maiduguri ta sake gani a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Sannan masan da ba shi da sakata, ba fitila, kuma yana manne da na maza, mace ba za ta je shi da dare ba, kuma tana da hujja. Kafin a sa harsashi a tambayi matan inda suke so a gina. A raba fo ga masu goyo, don kashin jariri da ake rainawa yana ɗauke da cuta sosai. Wajen wanke hannu, buta kaɗai ba ta wadatarwa, sai da sabulu, in babu a yi da toka.

Idan gudawa ta kama wani, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana tafiya asibiti. Kwalara na iya kisa cikin sa'o'i.

Saura tambayar da ta fi wuya: wa zai riƙe kayan idan ƙungiya ta naɗe tabarmarta? Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021, Amurka kuma ta dakatar da yawancin tallafinta na waje a farkon 2025. Injin solar burtsatse kan tsaya wata da watanni saboda ƙaramar na'urar da ba wanda ya san inda ake sayar da ita. A nan ne ya kamata tallafin sana'a ya haɗu da na ruwa, maimakon a koya wa mata ɗari ɗinki a unguwar da ba mai kuɗin ɗinki. Famfo na buƙatar makaniki, masai na buƙatar masu kwasa da safar hannu da takalmin roba, kowane gida na buƙatar sabulu. Duk aikin kuɗi ne, kuma masu sayensa suna nan a wurin. A horar da matasan sansani tare da na garin da ya karɓe su, don kada rijiya ta zama abin faɗa. 'Yan garuwa ma kada a kore su, a ba su kulorin, a riƙa duba jarkokin da ke kurarsu.

A kafa kwamitin ruwa, ya kasance da mata a ciki, har ma'aji. A tsayar da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, a yafe wa zawarawa da marayu, a karanta lissafin a bainar jama'a. Kafin ƙungiya ta tafi, ta miƙa wa kwamitin da hukumar ruwan karkara ta jiha, RUWASSA, takardar da ke nuna zurfin rijiyar, irin injin da aka sa, da shagon da ake samun kayan gyaransa.