Kafin Ka Ce A Sa Maka Sabon Windows: Jan Hankali Ga Masu Tsofaffin Kwamfutocin Tebur

Zuwa ga 'yan uwa, musamman masu shagunan buga takardu, masu kafe, masu makarantun koyon kwamfuta, da 'yan kasuwar da ke ajiye lissafin kayansu a kwamfuta a Fagge da Sabon Gari.

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma akasarin abin da ke zuwa teburina tsofaffin kwamfutocin tebur ne 'yan Beljiyam: Dell OptiPlex, HP Compaq, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Ofisoshin Turai da Amurka ne suka gama cin moriyarsu, aka loda su a kwantena zuwa Legas, daga Alaba da kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuma suka hauro mana Kano. Ba na raina su ko kaɗan. An ƙera su ne don aikin ofis na safe zuwa yamma, shi ya sa suke jure zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu fiye da wasu sabbin da ake yayi. Damuwata tana kan maganar da nake ji kusan kullum: "Injiniya, a yi mata fomatin a sa mini Windows na zamani." Mai faɗar haka yana ganin aikin minti talatin ne. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma a nan ake rasa lissafin shekaru, ko a kashe kwamfutar gaba ɗaya.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, wanda ya fito tun 2015. Kafin shi an yi wa Windows 7 haka a Janairun 2020, Windows XP kuwa tun Afrilun 2014. Da yawa suna ce mini, "To ai tawa tana tashi lafiya lau." Gaskiya ne, za ta tashi, za ta yi buga, za ta buɗe CorelDraw. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro da ake turowa duk wata don toshe ɓarakar da aka gano. Kamar shago ne da maigadi ya ajiye aiki: ƙofa na nan, kaya na nan, ciniki na tafiya, sai daren da ɓarawo ya fahimci babu kowa a bakin ƙofa. A watan Mayun 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin gwamnati a Ingila, yana neman kuɗin fansa. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Ka duba shagon buga takardu a nan gida, inda filash ɗin mutane daban-daban ke shiga kwamfuta ɗaya daga safe zuwa dare, kuma a kanta ake shiga banki, ake cike wa ɗalibai fom, ake ajiye hotunan katin shaidar jama'a. Amanar mutane ce a ciki.

Masu Windows 7 ma sun riga sun fara gani a ƙwaryarsu. Chrome ya tsaya musu a lamba 109 tun farkon 2023, shi ya sa wasu shafukan ke ƙin buɗewa daidai, mutum ya yi ta zargin netwok.

To sai a koma Windows 11 kawai? A nan gizo ke saƙar. Windows 11, da ya fito a Oktoban 2021, yana da sharuɗɗa. RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64 ba su ne matsala ba. Matsalar furosesa ce da wani ɗan cif na tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma tsarin tashi na UEFI mai Secure Boot. A ɓangaren Intel, sai zubi na takwas zuwa sama. A AMD kuma daga Ryzen 2000. Gane zubin ba wuya. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32. Za ka ga sunan kwamfutar, da furosesa, da lambar BIOS da shekararsa. Idan ka ga i5-4570, zubi na huɗu ne. Idan i5-6500 ne, na shida. Idan i5-8500 ne, na takwas ne, ka tsallake. Idan lambobi huɗu ne bayan ɗan layin nan, ta farko ita ce amsa. Kada kalmar "Core i7" ta ruɗe ka. Akwai i7 na 2012 da bai kai i3 na 2018 cancanta ba. Ta wannan ma'auni, OptiPlex 7010 da 9020 da 7040, da EliteDesk 800 G1 da G2, duk ba su cikin jerin. OptiPlex 7060 da EliteDesk 800 G4 suna ciki.

Wani abu da ke sa mutane sayar da kwamfuta mai kyau a banza: sai manhajar gwaji ta ce babu TPM, alhali yana nan, a kashe yake a cikin BIOS. A wasu injinan Intel sunansa PTT, a na AMD kuma fTPM. Kunna shi kawai ake yi. Ka rubuta tpm.msc ka gani kafin ka yanke hukunci.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka shiga kasuwa, a kunna maka kwamfuta zubi na uku ko na huɗu, ga Windows 11 yana sheƙi a fuska, a ce maka "ai sabon Windows ne a kai." Tilasta shi aka yi. Akwai manhajar haɗa filash mai suna Rufus da ke da zaɓin tsallake sharuɗɗan, kuma duk wanda ke wannan sana'a ya san ta. Ba na cewa haramun ne. Ni ma ina yi wa wanda ya nema bayan na faɗa masa gaskiya. Gaskiyar kuwa ita ce Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin sabunta irin wannan kwamfutar ba. Kowane zubi na Windows 11 na gida da na Pro watanni 24 ake kula da shi, kuma injin da aka tilasta wa ba ya karɓar babban sabuntawar shekara da kansa. Sai mutum ya zauna yana murna yana da na zamani, nasa kuwa wa'adinsa ya ƙare bai sani ba. Tsofaffi sosai irin Core 2 Duo ma, daga zubin 24H2 ko an tilasta ba za su tashi ba. Laifin ba a tilastawar yake ba, a ɓoyewar yake, da karɓar kuɗin sabuwa a kan tsohuwa. Araha dai ba ta ado, amma a gaya wa mutum abin da ya saya.

Wanda injinsa bai cancanta ba yana da mafita. Microsoft ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda ke ci gaba da kawo facin tsaro na Windows 10 har 13 ga Oktoba 2026, kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitinsa da asusun Microsoft; sharaɗi dai ya kasance kana kan zubin 22H2. Numfashi ne na ɗan lokaci don ka shirya. Wanda aikinsa bai wuce intanet da rubutu ba, Linux Mint kyauta ne, halal ne, kuma yana gudu sosai a kan waɗannan injinan. Amma ba zan yaudari mai aikin CorelDraw ko mai manhajar lissafi da aka rubuta don Windows ba, Linux ba nasa ba ne. Shi shawarata ya cire tsohuwar daga intanet ta zama ta zane da buga kawai, ya nemi zubi na takwas ko sama don banki da rajista.

Sai maganar BIOS, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin cif a jikin madabod, ba a faifan ajiya ba. Ita ke fara farkawa idan ka danna maɓalli, ta duba RAM da furosesa da faifai, sannan ta miƙa wa Windows ragama. Fomatin ba ya taɓa ta. Sau da yawa nakan buɗe injin Beljiyam in tarar BIOS ɗinsa na shekarar da aka ƙera shi ne, alhali kamfanin ya fitar da gyare-gyare da yawa bayan nan. Wasu na tsaro ne, irin waɗanda suka biyo bayan ɓarakar Spectre da Meltdown da aka bayyana a furosesa a Janairun 2018. Wasu na gyara matsalar tashi ne ko ƙin ganin wani faifai. Ga kuma wani sabon dalilin sabunta shi: takardun shaidar Secure Boot da Microsoft ya fitar a 2011 wa'adinsu na fara ƙarewa daga Yunin 2026. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma wadda ba ta karɓi sababbin ba za ta rasa kariyar matakin tashi, kuma wasu injinan sai an sabunta musu BIOS kafin su karɓa.

Duk da haka sabunta BIOS ba aikin gwaji ba ne. Idan Windows ya lalace, sake zuba shi ake yi. Idan BIOS ya lalace, ka danna maɓalli fanka ta juya, fuska baƙi ƙirin, shi ke nan. Abu biyu ke kashe shi: fayil ɗin da ba nasa ba, da ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu.

Na farko, daga shafin kamfanin da ya ƙera injin kaɗai ake saukar da shi. Dell na da lamba a jikin akwati mai suna Service Tag, HP da Lenovo na da lambar siriyal. Ka sa ta a shafinsu, su ba ka naka. OptiPlex 7010 daban, 7020 daban, ko da akwatinsu ya yi kama. Kada ka karɓi fayil daga filash ɗin wani don ya ce "ai iri ɗaya ne," kada kuma ka yarda da manhajojin nan da ke alkawarin sabunta komai da dannawa ɗaya.

Na biyu kuwa, mu da ke Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. Aikin bai wuce 'yan mintoci ba, amma a cikinsu ko ƙiftawa ɗaya wuta ta yi, ta isa. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta kamar laftof. Ni ba na taɓa BIOS sai a kan inbata ko UPS, kuma UPS ɗin ma sai na zare shi daga bango na ga ya riƙe, domin yawancin waɗanda ke shaguna batirinsu ya daɗe da mutuwa, ƙara kawai suke yi. Janaretan layi da ake rabawa a kasuwa ma ba abin dogaro ba ne, don ba ka san lokacin da mai zai ƙare ko za a juya layi ba. An taɓa kawo mini injin wani bawan Allah da ana cikin sabunta masa BIOS yaronsa ya ga fuska ta yi baƙi, fanka na ƙugi, ya ɗauka ta maƙale ne ya zare waya. Haka aikin yake: takan yi duhu, ta mutu ta tashi da kanta fiye da sau ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Wasu injinan na da hanyar ceto, Ctrl da Esc a Dell, Windows da B a HP, amma ba duka ba. In babu, sai an sake rubuta cif ɗin da na'ura ta musamman, ko a sayi wani madabod.

Kafin ka fara, ka shiga saitin, F2 a Dell, F10 a HP, ka ɗauki hoton shafukan da wayarka. Wani lokaci sabuntawa kan mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani, tsarin faifai ya sauya tsakanin AHCI da RAID, ko tsarin tashi tsakanin Legacy da UEFI, sai Windows ya ƙi tashi alhali lafiyarsa ƙalau. Mai BitLocker ya dakatar da shi tukuna, ya kuma rubuta makullinsa mai lambobi 48 a takarda. Masu saye kuma ku sa a buɗe muku BIOS a gabanku, don wasu injinan suna zuwa da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da su.

Duk wannan yana bayan abu ɗaya: kwafe bayananka. Ba a ɓangaren D na faifai ɗaya ba, a wani faifai daban, kuma ka buɗe fayilolin ka tabbata sun kwafu. Ka kai kwafin gida. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 sun san dalilin da ya sa ba a ajiye asali da kwafi a ɗaki ɗaya. Ka kuma bincika ko tsohuwar firinta da sikana suna da direba a sabon Windows, da ko kana da lasisin manhajar lissafinka, tun kafin a goge.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Idan agogo na komawa baya duk safiya, batirin CR2032 na madabod ne ya mutu, a sauya shi kafin a taɓa BIOS. A hure ƙura, a sabunta man furosesa. Mai kukan nauyi kuma, sau tari ba sabon Windows yake buƙata ba. Faifan SSD da RAM gigabait 8 sun fi komai farfaɗo da tsohon inji.

Abokan sana'ata na Beirut Road da France Road da sauran layuka, don Allah mu riƙa faɗa wa kwastoma zubin injinsa da ko Windows ɗin da ke kai na tilas ne. Ku kuma masu kwamfuta, yau ɗin nan ku buɗe msinfo32, ku rubuta sunan injin, furosesa da lambar BIOS a takarda, ku kwafe bayananku, sannan ku je wurin mai gyara. Duk wanda ya ce zai taɓa muku BIOS, ku tambaye shi a kan wace wuta zai yi.