Mota ta kashe mijina, an ce in yafe

Tambaya: Motar haya ta buge mijina ya rasu, ya bar ni da yara huɗu. Mai motar ya aiko da buhun shinkafa, dangi sun ce in bar wa Allah. Ina da hakkin neman diyya?

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Kina da hakki. Alƙur'ani da kansa ya wajabta diyya a kisan kuskure, kuma rabon marayu ba na dangi ba ne balle su yafe shi.

Ki fara da karɓo rahoton 'yan sanda, wanda ke ɗauke da lambar motar da sunan direba, sai takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Ko rasit ɗin magani kada ki yar. Dokar Najeriya ta tilasta wa kowace mota inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, don haka a binciko kamfanin da ya yi wa motar inshora. Takardun bogi sun yi yawa. In tasa ta bogi ce, mai motar zai biya daga aljihunsa.

In babu kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid Council na jiharku, kyauta suke yi. Kada ki sa hannu a takardar sulhu sai lauya ya karanta, kuma ki hanzarta, don shigar da ƙara yana da wa'adi.