Mariam Bolaji da Ƙwallon Gashi

Yara, kun san langa da dambe da ƙwallon ƙafa. To, akwai wani wasa kuma da ake kira badminton. Sojojin Ingila ne suka riƙa yinsa a birnin Puna ta ƙasar Indiya, sa'an nan suka kai shi gida.

Ga yadda ake yinsa. Ana ɗaura raga a tsakiyar fili, tsayinta kamar mita ɗaya da rabi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da abin bugu mai kama da rariya, mai doguwar ƙota. Ƙwallon kuwa da gashin dinya ko na agwagwa guda 16 ake yinsa, nauyinsa kamar giram 5. Saboda rashin nauyinsa, a cikin ɗaki ake gasa. Da za a buga shi a filin makarantarku ta Baure da hunturu, da iska ta kwashe shi. Wanda ya bari ƙwallo ya faɗi a gefensa, an ci shi.

A Jihar Kwara akwai wata yarinya, sunanta Mariam Eniola Bolaji. Tana da lalura a ƙafa. Da fari ƙwallon tebur take yi, sai wani malamin wasa, Bello Oyebanji, ya ga ƙwazonta, ya koya mata badminton. A shekarar 2021 malamin nan ya rasu a haɗarin mota. Mariam ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba ta ajiye abin bugunta ba. Ta ci gaba da horo.

A 2024 aka yi babbar gasar masu lalura ta duniya a Paris, babban birnin Faransa. Mariam tana da shekara 18. Ta kara da Oksana Kozyna ta ƙasar Yukren, ta cinye ta sau biyu, maki 21 da 9 kowane zagaye. Ta sami lambar tagulla. Kafin ita, ba wani mutumin Afirka da ya taɓa samun lambar badminton a wannan gasa.

Saboda haka, in kuna da ɗan aji mai ɗingishi, kada ku bar shi a gindin bishiya yana tsaron littattafai. Ku kira shi cikin fili. Himma ba ta ga rago.

Tambayoyi
1. Da me ake yin ƙwallon badminton?
2. Don me ake gasa cikin ɗaki?
3. Wa ya koya wa Mariam wasan?